"Mamansa ce ta sani"

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin gaggawa na yara, kuma akwai amsar da nake yawan ji duk lokacin aikin Hajji: "Wallahi Sista, mamansa ce ta sani." Uba ne a tsaye, ya saɓa yaro a kafaɗa, jikin yaron zafi rau. Sai in tambaye shi yaushe zazzaɓin ya fara, me aka ba shi a gida, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko an taɓa ƙara masa jini. Amsar ba ta canzawa. Ita kuwa uwar tana Makka ko Madina, an kira wayarta ba ta shiga.

Ba Hajji kaɗai ke kawo wannan ba. Mace takan tafi wankan gida ta yi kwana 40, ta bar manyan yaran wurin ubansu. Wata jinyar mahaifiyarta ce za ta kai ta wani gari, wata Umara ce a watan azumi. Iyaye mazan nan suna son 'ya'yansu, na ga masu hawaye a bakin gado. Sai dai a yawancin gidajenmu, duk abin da ya shafi lafiyar yaro a kan uwa yake ajiye. Ranar da ta ɗauki jaka, da shi take tafiya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne mai sikila, bai wuce shekara shida ba. Mahaifinsa ya san yana da ciwon, amma bai san akwai ƙwayoyin da ake ba shi kullum ba. Suna nan cikin wata 'yar leda a durowar uwar, ba wanda ya taɓa su tun da ta tafi. Da zazzaɓi ya zo, aka saya masa magani a kemis aka ce a ga yadda zai kwana. Ko da suka iso wurinmu, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, sai da aka ƙara masa jini. Saifar mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, don haka ƙwayoyin cuta sukan ci ƙarfinsa cikin sa'o'i kaɗan. Zazzaɓi a jikinsa, musamman in ya kai 38.5, na asibiti ne a ranar. Uwar ta san haka sarai. Ba a taɓa zaunar da uban an gaya masa ba, shi ma bai taɓa raka su ganin likita ba.

Roƙona ke nan ga duk gidan da tafiya ta taso: a ware dare ɗaya kafin ranar, maigida da uwargida su zauna da takarda da biro. Yadda ake lissafa buhun shinkafa da kuɗin cefane, a lissafa yaran ɗaya bayan ɗaya. Wane ne ke shan magani, wane iri, ƙarfe nawa? Wa ke da asma, ina abin shaƙarsa? Ina katin asibiti, ina katin rigakafi? Idan akwai ƙaramin da za a bari, a duba ko ranar allurarsa za ta faɗo uwar ba ta nan, domin ta ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15. Ko da kaka ce ko gwaggo ko abokiyar zama za ta riƙe yaran, takardar nan a hannunta ya kamata ta kasance, maigida kuma ya ɗauki hotonta a waya.

A shekarun nan Hajji yana zuwa ne a bakin damina. A 2025 an tsaya Arfa ranar 5 ga Yuni. Wato uwa na tafiya sauro na shigowa. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna bi gida-gida wata-wata don yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage kuwa a gida ake bayarwa, kuma nan ne ake mantawa. Haka maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa a asibiti: sau shida ake shan sa cikin kwana uku, ba a dainawa don yaro ya tashi yana wasa. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, ba ya wuce sau huɗu a yini da dare, kuma wasu magungunan mura na ruwa suna ɗauke da shi, sai a haɗa wa yaro biyu ba a sani ba.

Idan gudawa ce, ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ana ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a hana shi abinci.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne a miƙa wa yarinya 'yar shekara goma girki da rainon ƙanne, uba ya fita kasuwa tun safe. Daga irin gidajen nan ake kawo mana ƙunar ruwan zafi da yaran da suka sha kananzir daga gorar lemo. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara mata na minti 20; ban da ƙwai, ban da man goge baki. Wanda ya sha kananzir kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, domin aman ne ke tura shi cikin huhu.

Yaran kansu ma suna jin rashin uwar, ko da ba su iya faɗa ba. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma, wani ya ƙi abinci, wani ya yi ta rigima ba dalili. Duka ba ya gyara wannan. Ban goyi bayan uwa ta sulale yaro na barci, in ya farka a ce masa ta je kasuwa ba, don zai yi ta tsaron ƙofa ne. A gaya masa inda za ta, a yi sallama, a riƙa haɗa su a waya.

Malam, in dare ya yi kai kaɗai, ka ga yaro ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko numfashinsa na sama-sama haƙarƙari na lotsawa, ko ka tashe shi ya ƙi farkawa sosai, kada ka jira gari ya waye. In jijjiga ce, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka ɗura masa komai. Ka ɗauko katinsa da duk magungunan da ka ba shi, ku taho asibiti.