Ido, Kunne da Na'ura: Daga Ina Fasahar Masu Kiɗa da Hoton Kwamfuta Take Fitowa?

Gabatarwa

Mafi yawan waƙoƙin da ake ji suna tashi daga wayoyin hannu a birnin Kano a yau, ba a kaɗa ganga ko ɗaya wajen yin su ba, ba a kuma busa algaita ba. A cikin ɗan ƙaramin ɗaki ake haɗa su, wanda ake kira situdiyo, inda mutum ɗaya da kwamfuta da fiyano yake ɗaukar aikin da a dā sai makaɗa shida ko bakwai sun taru a kansa. Wannan ne ya sa ake yawan gardama: wasu suna cewa na'ura ce take yin aikin, yaro dai danna maɓalli kawai yake yi, wasu kuwa suna ganin fasaha ce cikakkiya kamar ta kowane makaɗi. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar ilimin halittu, wato ta bi yadda kunne da ido da ƙwaƙwalwa suke aiki, don a gane abin da na'ura take iya yi, da kuma abin da dole sai mai fasaha ya zo da shi daga gida.

Unguwar Yakasai da Tushen Sana'ar

Unguwar Yakasai da ke cikin ganuwar Kano tana da hannu dumu-dumu a tarihin wannan sana'a. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda masana suke ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya karɓu a kasuwa. Marigayi Aminu Hassan Yakasai, wanda dā ma marubucin littattafai ne, shi ya tsara labarin, Salisu Galadanci kuma ya ba da umarni. A wancan zamani a kan kaset ake ɗaukar hoto, tacewa kuwa sai an jona na'urar bidiyo biyu, ana kwafa daga wannan zuwa waccan, kuma kowane kwafi yana rage wa hoton kyau.

A tsakiyar shekarun 1990 ne fiyanon lantarki samfurin Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, musamman na Iyan-Tama, aka sami makaɗan da suka ƙware a kansa, irin su Alee Baba Yakasai. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta game gari, daga nan kiɗan fiyano ya zama ginshiƙin kasuwar fim. A shekarar ce kuma mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood. Bayan haka kwamfuta ta karɓe aikin kaset, sa'an nan tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, aka kuma koma sakin fina-finai masu dogon zango a YouTube. Kayan aiki sun sauya sau da dama cikin shekara talatin, amma kunne da idon mai kallo suna nan yadda Allah Ya halicce su, kuma a kan ma'auninsu aka ƙera kowace na'ura.

Yadda Kunne Yake Ji, da Yadda Na'ura Take Ƙirgawa

Sauti kaɗawar iska ce. Idan aka bugi fatar kalangu, sai ta girgiza iskar da ke kusa da ita, girgizar ta yi tafiya har ta bugi dodon kunne. Daga nan wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa uku suke miƙa ta zuwa wani bututu mai cike da ruwa, wanda ya naɗe kamar katantanwa, da za a warware shi tsawonsa bai wuce milimita 35 ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Na bakin bututun suna amsa sauti mai tsini, na can ƙurya kuma suna amsa mai kauri. Georg von Bekesy, mutumin ƙasar Hungari, shi ya bayyana wannan tsari, kuma ya sami lambar Nobel a kansa a 1961.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Ita kwamfuta ba ta san sauti ba, lambobi kawai ta sani. Abin da take yi shi ne auna ƙarfin kaɗawar sau da yawa a jere, tana rubuta kowane awo da lamba. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa dole yawan awon ya haura ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son kamawa, shi ya sa faifan sidi yake ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Haka kuma tsarin MP3, wanda injiniyoyin Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, yana zubar da duk ƙaramin sautin da babba ya danne, tun da dā ma kunne ba zai ji shi ba. Ta haka waƙa take raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, har a iya tura ta daga waya zuwa waya.

To, me ya sa algaita da sarewa suke bambanta ko da a kan murya ɗaya aka busa su? Dalili shi ne kowane kayan kiɗa yana fitar da babbar kaɗawa tare da wasu ƙanana da suke ninka ta, kuma yadda ƙananan suka jeru shi ne kamannin muryarsa. A nan ne aikin makaɗan Kano ya fito fili. A Japan aka ƙera fiyanon, ba don kunnen Bahaushe ba. Sai da makaɗi ya bi ɗaruruwan muryoyin da aka adana a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da abin da ya saba ji a gidan biki da ƙofar fada, kafin ya tsinci wadda ta yi kusa da sarewar Fulani ko kalangu. Na'ura ta ba da muryoyi, amma ma'aunin zaɓe yana cikin kansa tun yana yaro.

Ido da Hoto

Labarin ido ma kusan haka yake. A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske iri biyu: kimanin miliyan 100 masu aiki cikin duhu-duhu, da wajen miliyan 5 zuwa 6 masu rarrabe launi. Su masu launin kashi uku ne, kamar yadda Thomas Young na Ingila ya yi hasashe tun 1802. Saboda haka fuskar waya ko talabijin launi uku kacal take fitarwa: ja da kore da shuɗi. Kowane ɗigo na hoto yana da mataki 256 na kowane launi, wanda idan aka ninka su sau uku za a sami launi fiye da miliyan 16. Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa: ya ɗiga ɗan ƙaramin ɗigon ruwa a kan farin wuri a fuskar kwamfuta ko waya, ruwan zai zama kamar tabarau mai ƙara girma, sai ya ga ashe farin nan ja ne da kore da shuɗi a jere. Wannan ya saɓa wa aikin marina ta Ƙofar Mata, inda shuni yake shanye wani ɓangare na haske, ya bar wa ido saura, don haka duk tsomawa ƙara duhu take yi.

Motsin da ake gani a fim shi ma ƙwaƙwalwa ce take haɗa shi. Hotuna ne tsayayyu, 24 a daƙiƙa a silima, 25 a talabijin irin ta Nijeriya. Bugu da ƙari, har ma'ana ƙwaƙwalwa take sakawa tsakanin hoto da hoto. Kimanin shekarar 1920 Lev Kuleshov na Rasha ya nuna wa mutane fuskar ɗan wasa guda, sau ɗaya tare da kwanon miya, sau ɗaya tare da gawa, sau ɗaya tare da mace. 'Yan kallo suka ga yunwa da baƙin ciki da sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba. Mai tace fim a Kano da wannan ɗabi'a yake aiki kullum, kuma sanin hoton da zai taɓa zuciyar Bahaushe, alal misali uwa ta kau da kai don kunyar ɗan fari, ba ya cikin kowace manhaja.

Rumbun Ƙwaƙwalwa

Daga ina ke nan sabon tunani yake zuwa? A 1926 Graham Wallas ya kasa aikin ƙirƙira mataki huɗu. Na farko tanadi, wato tara abin aiki ta hanyar ji da gani da koyo. Na biyu jiƙo, lokacin da mutum ya ajiye matsalar ya shiga wata sabga. Na uku haskakawa, sa'ad da amsa take faɗowa kwatsam. Na huɗu tantancewa, inda ake gyara da zubar da abin da bai yi ba. A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da suke ƙara himma daidai lokacin da mutum ya zauna ba ya komai, suna jujjuya abubuwan da aka adana. An kuma tabbatar cewa barci yana taimakawa wajen kafa abin da aka koya da rana. Wannan ya yi daidai da abin da masu waƙa suka daɗe suna faɗa, cewa kari yakan zo musu a kan hanya ko da asuba.

Abin lura shi ne mataki na uku ba ya samuwa sai da na farko. Ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwa suna ƙulla sabuwar dangantaka ne tsakanin abubuwan da suka riga suka shiga. Yaron da ya tashi a cikin birni ya ji tatsuniya a bakin kaka, ya ga gaɗa a dandali da tashe cikin azumi, ya ji tambari da kakaki ranar hawan salla. Ya kuma kalli fina-finan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suka shafe shekaru suna nunawa, ya karanta littattafan soyayya na kasuwar Kano. Waƙar fim mai amshi tsakanin namiji da mace, a kan kari mai kama da na gaɗa, da muryar sarewa daga fiyanon Japan, haɗuwar waɗannan kogunan ce a kai guda.

Karin Harshe da Gyaran Murya

Akwai wata matsala ta musamman ga mai waƙar Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti: baba na uba daga ƙasa yake farawa ya hau, baba ta inna daga sama take sauka, baban rini kuwa a sama yake tsayawa. Mai kalangu yana matse igiyoyin jikinta a hammata don ya bi wannan hawa da sauka, shi ya sa ake cewa kalangu tana magana. A 1997 aka fitar da manhajar Auto-Tune, wadda Andy Hildebrand ya ƙirƙira bayan ya yi shekaru yana nazarin kaɗawar ƙasa don neman man fetur. Aikinta shi ne gano muryar mawaƙi ta ja ta zuwa mataki mafi kusa a cikin matakan fiyano. Idan aka tsananta saurinta, sai santsin da ke tsakanin murya da murya ya ɓace, a sami sautin nan mai kama da na ƙarfe da ya cika waƙoƙin zamani. Makaɗin da ya san harshensa shi ne zai gane inda gyaran ya fara karkatar da kalma, ya sassauta. Manhaja ba ta san uba daga shuni ba.

Abubuwa Biyu da Ke Cikin Haɗari

Na farko shi ne kunnen mai sana'ar kansa. Ƙwayoyin gashin nan na cikin katantanwa idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam, ko da yake tsuntsaye da kifaye suna sabunta nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Wanda yake kwana da abin sauraro a kunne, ga ƙarar janareta a bakin ƙofa, yana cinye jarinsa ne bai sani ba. Sauti mai tsini ne yake fara ɓacewa, alamar farko kuwa ita ce ƙugi a kunne bayan an tashi aiki.

Na biyu shi ne rumbun da ake ɗiba. Tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto da tsara rubutu suka bazu a duniya, masu haɗa waƙa kuma suka biyo baya. Su ma daga abin da aka ɗura musu suke haɗawa, kuma rabon Hausa a cikin abin da aka ɗura kaɗan ne. Idan matashi bai taɓa zama kusa da mai kukuma ko mai kotso ba, ya kuma dogara da abin da manhaja ta miƙo masa, to abin da zai fitar ba zai bambanta da na takwaransa na kowace ƙasa ba.

Kammalawa

An ga cewa kowace lamba da ke cikin waɗannan na'urori, daga 44,100 na sauti zuwa launi uku na hoto, an yanka ta ne daidai da kunne da idon ɗan Adam. Zaɓe da haɗawa da sanin abin da ya dace kuwa aikin ƙwaƙwalwar da ta sha tanadi ne. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya kamata ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a ya koyi kwamfuta sosai, ya rage ƙarar abin sauraronsa, sa'an nan ya ɗauki na'urarsa ya nemi tsofaffin makaɗan unguwarsu ya naɗi kiɗansu tun suna raye.