Darasi: yadda za ka sanyaya ɗakinka da makwancin dabbobinka a bazara

Ya kai makiyayi, ka san halin Afrilu da Mayu. A Tawa, Maradi da Damagaram zafi yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Ɗakin kwano ya zama tanda: yara ba barci, ragon turka yana haki ya bar cin dusa, kaji su rage ƙwai. Wannan asara ce, kuma allura ba ta maganinta. Gyaran gini ne maganinta.

1. Rufi. Ta sama zafi ya fi shigowa. In ɗakinka na kwano ne, ɗora ƴan itatuwa bisa, ka shimfiɗa zana ko karan hatsi, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Ɗaure sosai saboda iskar hadari, kuma murhu ya yi nisa. Mai sabon gini ya nemi maginan da suka koyi rufin ƙubba na tubalin ƙasa zalla, wanda aka fara a Cikal a 1980: ba azara, ba kwano.

2. Tagogi. Iska mai zafi sama take tashi, sai ta samu mafita. Taga guda ba ta isa. Yi ɗaya ƙasa-ƙasa a bangon kudu, wata sama kusa da rufi a bangon arewa. Sa musu waya saboda sauro da macizai.

3. Bango. Tubalin ƙasa mai kaurin santimita 40 yana riƙe zafin rana, sai dare ya sake shi. Saboda haka rufe ɗakin kwana da rana, ka buɗe komi bayan magariba. Amma kar ka rufe dabba haka: ita rumfa mai tsawo take so, buɗe ta kowane gefe, da ruwan sha a inuwa. Ka riƙa yaɓe tsagar bango, nan kaska ke ɓuya.

4. Inuwa. Bangon yamma ne ke shan ranar la'asar. Dasa bedi a wannan gefen. Gawo kuma kar ka sare shi: da rani yake da ganye, ga ƴaƴansa abincin dabbobi.

Fara da rumfar rago guda bana. Ka duba hakinsa da cinsa da azahar, ka kwatanta da na bara. In haki bai ragu ba, kira malamin dabbobi, ƙila ciwon huhu ne.