Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Boila Idan Hanyar Hayaƙi da ta Ruwa Sun Yi Ƙunci

'Yan uwanmu mazauna Ingila, musamman na gidajen bene, sun san darajar boilar gas da ke maƙale a bangon kicin: ita ke dumama ɗakuna, ita ke ba da ruwan zafi. Idan ta tsufa, kada ka fara da tambayar farashi. Fara da sanin ta inda hayaƙi zai fita da inda ruwa zai bi. Tun 2005 doka ta ce sabuwar boilar gas ta kasance irin mai tatse zafin hayaƙinta, kuma wannan tatsar tana fitar da ruwa mai ɗan tsami da dole a nema masa magudana.

1. Kira injiniya mai rajistar Gas Safe. Duba katinsa gaba da baya, domin a bayan aka rubuta ayyukan da aka yarje masa. Araha ba ta ado a harkar gas.

2. Ku duba bututun hayaƙi tare. Bakinsa ya yi nesa da tagar da ake buɗewa da aƙalla santimita 30. Sabuwar boila tana fitar da farin tururi, to idan zai riƙa bugun tagar maƙwabci, akwai ƙarin bututu da ke ɗaga shi sama. Kowane kamfani ya ƙayyade iyakar tsawon bututunsa, kowace kwana kuma tana cin wani abu daga tsawon. Idan bututun zai bi ta cikin silin, sai an yi ƙofofin leƙawa. Idan kuwa duk benen bututu ɗaya yake amfani da shi, ko za a huda bango, nemi izinin mai ginin tukuna.

3. Nemo wa ruwan hanya. Mafi kyau a haɗa shi da bututun wurin wanke-wanke a cikin gida, ya riƙa gangarawa da kansa. Idan babu gangara, a sa ƙaramin famfon lantarki da zai tura shi. Idan dole ya bi ta waje, bututun ya zama mai faɗin milimita 32, kada ya wuce mita 3, a kuma naɗe shi da abin kare sanyi. A tsananin sanyin farkon 2018, boiloli da yawa sun tsaya cak saboda ruwan ya daskare a siririn bututun waje. Mai tsakar gida zai iya haƙa ramin tsotsewa cike da tsakuwar farar ƙasa, rabin mita daga bango.

4. Yanzu ka zaɓi boilar. Ƙaramin gida mai banɗaki ɗaya, boila irin kombi (wadda ke dumama ɗakuna da ruwa ba tare da tanki ba) mai kilowat 24 zuwa 30 ta wadatar. Ka fifita wadda tsawon bututunta ya kai inda kake buƙata.

5. Idan duk hanyoyin sun toshe, a sauya wa boilar wuri, ko a koma ta lantarki. Ita ba ta hayaƙi, ba ta wannan ruwan, sai dai kuɗin wuta ya ninka na gas.

6. Bayan aiki, a maƙala na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi. Karɓi takardar shaidar aikin ka adana, domin za a neme ta ranar sayar da gidan ko neman garanti.