Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

'Ya'yana 'yan kwana-kwana na garin Lafiya, ku matso kusa, ina da 'yar magana game da jikinku.

Mota tana kawo ruwa, tiyo yana fesawa, amma tsani ba ya hawa kansa. Ku ne za ku hau, da kwalkwali a ka, da rigar wuta, da takalmi mai nauyi, da tukunyar iska a baya, kaya da suka kai kilo 20 ko fiye. Kun kuma san zafin Lafiya a watan Maris da Afrilu. Tukunyar da aka ce tana yin minti 30, mai haki yakan shanye ta tun lokacin bai cika ba.

A Amurka, inda ake lissafa ma'aikatan kashe gobara da suka rasu a bakin aiki kowace shekara, an daɗe da gano cewa bugun zuciya ya fi harshen wuta kashe su. Dalilin a fili yake. Mutum na barci ƙararrawa ta kaɗa, cikin 'yan mintoci yana fama da nauyi da hayaƙi, gumi ya zube, jini ya yi kauri, zuciyar da ba ta saba ba sai ta gaza.

Don haka ku horar da jiki da irin aikin da zai tarar. Ba sai kun sayi injin motsa jiki ba. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa, kilo 25 ke nan. Ku ɗauke ta ku hau bene ku sauko. Ku ɗaura igiya a tsohuwar tayar babbar mota ku ja, kamar kuna jan tiyo a lungun Tudun Gwandara inda mota ba ta shiga. Ku daki tayar da guduma, kamar kuna ɓalle ƙofar shago a kasuwa. Ku ja buhun yashi a ƙasa, ku ɗauka ɗan'uwanku ne hayaƙi ya kayar. Ku yi minti 1 da iya ƙarfinku, ku huta minti 1, har minti 20, sau 3 a mako. Da sannu za ku ga numfashi yana saurin dawowa, baya ya daina ciwo, hannu ya daina rawa a kan tiyo.

Amma ku bi a hankali, 'ya'yana. Ku fara auna hawan jini a asibiti. Ku yi atisayen bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga, kuna shan ruwa sosai. Da azumi ku bari sai bayan buɗa-baki. Ranar da kuke bakin aiki kada ku ƙarar da ƙarfinku a fili, ku rage na kira. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya ya ga likita, babu kunya a ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobarar hunturu tun da damina ake yi mata shiri. Ku tashi juna gobe da asuba, babba ya ja ƙarami. Mutanen Bukan Sidi da Tudun Gwandara suna barci da sanin kuna nan, iyalanku kuma suna jiran dawowarku. Ku kula da zuciyarku dominsu. Allah ya tsare ku, ya mayar da ku gida lafiya.