Darasi: Samari, sauro da gyaran ƙasa

Damana in ta sauka a Azarori, shuka takan fito, sauro ma ya fito. Daga watan Yuli zuwa Oktoba masassarar cizon sauro ta fi yawa. Ƙananan yara da mata masu ciki ta fi yi wa illa. Manomi kuma in ya kwanta lokacin noma, haki ya cinye gonarsa.

Maganar ta kai manyan taruka

Ranar 25 ga Afrilu 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin yaƙi da wannan cuta. Shi ya sa ake tunawa da ita kowace shekara a wannan rana.

A da, manya kaɗai ke magana a irin wannan taro. Yanzu samari da ƴan mata sun samu wurin zama. A 2021 ƙasar Kenya ta kafa rundunar matasa masu yaƙi da masassara. A watan Yuni 2022 matasa sun halarci taron Kigali, a ƙasar Ruwanda, kan masassara. A watan Nuwamba na shekarar, a taron duniya kan sauyin yanayi a Masar, an ware wa yara da matasa rumfarsu, karo na farko.

Abin da suke nema a fili yake: a ƙara kuɗin magani da sange, a kula da ƙasa, a kuma riƙa shawara da su. Maganar cuta da maganar ƙasa a haɗe suke. Ƙasar da ba itatuwa ba ta shan ruwa. Ruwa ya kwarara, ya ci gona, ya je ya kwanta a ramu kusa da gidaje. A nan sauro ke yin ƙwai. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai cizo.

Misali yana kusa da gida

Samarin Azarori ba sai sun je Kigali ba kafin su ga aiki. Tun 1975 mutanen kwarin Majiya, a yankin Buza, suka fara dasa layukan bedi don tsare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe aikin Keita da taimakon Italiya. Maza da mata suka jera duwatsu, suka haƙa ramu, suka dasa itatuwa, faƙo ya koma gona. A 2013 kuma aka fara ba yara maganin rigakafin masassara na damana a yankunan Madawa da Buza.

Aikin samarin gari

1. A cike ramun da aka haƙa don tubali kusa da gida. A kife tsoffin tukwane da gwangwani.
2. A yi tassa da rabin wata a gona. Ruwansu yana shiga ƙasa, ba kamar na kududdufi ba.
3. A dasa itace ranar 3 ga Agusta, a kewaye shi da ƙaya don awaki.
4. A taimaki tsofaffi da masu ciki su ɗaura sange mai magani. A kwana cikinsa kowane dare.
5. A tuna wa uwaye maganin damana. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Kada a tsaya a kwana na farko.
6. Yaro in jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, a auna jininsa.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba. Ya rubuta ramu nawa aka cike, itatuwa nawa suka rayu. Wannan takarda ita ce shaidar samarin gari in an kira taro a Madawa ko a Tawa.

Tambayoyi

1. A ina sauro ke yin ƙwai?
2. Kwana nawa yaro ke shan maganin damana kowane wata?
3. Ramu nawa ke riƙe ruwa a unguwa, kuma wa zai cike su?