Darasi: Yadda Ake Ɗora Manhaja Mai Aiki da Saƙonni a Kan FreeRTOS

A garuruwan Gwarzo da Kabo, irin su Getso da Garo, rijiyar burtsatse mai aiki da sola ba baƙon abu ba ce yanzu. Famfo yana can ƙasa cikin ruwa, tanki yana sama. Ruwan da famfon ke turowa shi ne ke sanyaya shi, don haka idan ruwa ya ja baya lokacin bazara, famfon kuma ya ci gaba da juyawa, zai iya ƙonewa. Sai an yi karo-karo kafin a sayi wani, unguwa kuma ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

A ɗauka wani matashi ya haɗa ƙaramar na'urar da za ta tsare famfon. Ya yi amfani da ESP32, allon nan mai araha na kamfanin Espressif da ya fito a 2016. Aikinta uku ne: ta kashe famfo idan tanki ya cika ko ruwa ya ƙare, ta nuna hali a ƙaramin sikirin, sannan ta aika rahoto zuwa wayarsa ta intanet. Matsalar tana cikin aiki na uku. Idan netwok ya yi rauni, manhajar za ta tsaya tana jiran amsa, famfo kuwa yana can yana juyawa babu ruwa. Wannan darasi zai nuna yadda ake kauce wa haka.

Mece ce manhaja mai aiki da saƙonni?

A wannan tsari ana raba manhaja zuwa ma'aikata masu zaman kansu. Kowane ma'aikaci yana da layinsa na saƙonni, kuma babu mai taɓa kayan wani. Idan ɗaya yana son wani abu daga ɗan'uwansa, saƙo yake aika masa, kamar "tanki ya cika" ko "ruwa ya ƙare".

Misalinsa mai injin markaɗe ne. Robobi suna jere a layi, yana ɗaukar ɗaya, ya markaɗa ta gaba ɗaya, sannan ya ɗauki ta gaba. Ba ya haɗa tattasan mutum biyu a lokaci guda. Haka ma'aikacin manhaja yake: sai ya gama da saƙo ɗaya kafin ya taɓa na biyu.

Sanannen tsari na irin wannan shi ne QP na kamfanin Quantum Leaps, wanda Miro Samek ya kafa. QP yana iya aiki shi kaɗai a kan allo, ma'aikata suna karɓa-karɓa. Ana kuma ɗora shi a kan manyan manhajoji irin su FreeRTOS, ThreadX, Zephyr da embOS.

Me RTOS ke ƙarawa?

RTOS babbar manhaja ce ta ƙananan na'urori wadda aikinta kiyaye lokaci. Tana ba kowane aiki matsayin fifiko, kuma da zarar aiki mai babban matsayi ya shirya, sai ta dakatar da ƙarami nan take. FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fitar a 2003, kamfanin Amazon kuma ya karɓi kula da ita a 2017, kyauta ce. Mai amfani da ESP32 yana tare da ita ko ya sani ko bai sani ba, domin manhajar Wi-Fi ta allon a kanta take gudana. Ke nan dole tsarin saƙonni ya koyi zama da ita.

Ɗorawar tana buƙatar a haɗa abubuwa biyar.

1. Kowane ma'aikaci da aikinsa

Ana ƙirƙirar aiki guda na FreeRTOS ga kowane ma'aikaci, da umarnin xTaskCreate. A na'urar famfo za a samu uku: Famfo, Sikirin da Sadarwa. Famfo shi ne mai matsayi mafi girma, Sadarwa mafi ƙanƙanta.

A kula da lambobin. A FreeRTOS da QP, babbar lamba ita ce babban matsayi, kuma 0 matsayin zaman banza ne. A ThreadX da Zephyr kuwa ƙaramar lamba ce ke gaba. Wanda ya kwafi lambobi daga wani tsari zuwa wani bai juya su ba, ya mayar da Famfo ƙarshen layi ke nan.

2. Layin saƙonni

Ana buɗe layi da xQueueCreate. Abin da ake sakawa a ciki adireshin saƙon ne kawai, ba saƙon gaba ɗaya ba, domin a rage kwafe-kwafe. Zuciyar kowane ma'aikaci ba ta wuce wannan ba:

for (;;) {
  xQueueReceive(layi, &sako, portMAX_DELAY);
  sarrafa(sako);
  mayar(sako);
}

Layi na farko yana jiran saƙo, na biyu yana aiki da shi, na uku yana mayar da gurbinsa ma'ajiya. Babbar ƙa'idar darasin nan ita ce: a wuri ɗaya tak ma'aikaci ke da izinin jira, wato a bakin layinsa. A cikin sarrafa babu vTaskDelay, babu jiran netwok. Ma'aikacin da ya tsaya a tsakiyar aiki, ko da matsayinsa ya fi na kowa, ba zai ga saƙon "ruwa ya ƙare" ba.

Idan akwai abin da dole sai an jira shi, kamar aika rahoto ta intanet, sai a ware masa aiki na daban mai ƙaramin matsayi. Ya yi jiransa can, idan ya gama ya aiko da saƙo.

3. Kulle na ɗan lokaci

Akwai 'yan bayanan da tsarin kansa ke rabawa tsakanin ma'aikata, kamar lissafin guraben saƙonni. Ana kare su da taskENTER_CRITICAL da taskEXIT_CRITICAL, kuma abin da ke tsakaninsu ya zama gajere ƙwarai. ESP32 na asali ƙwaƙwalwa biyu gare shi, shi ya sa a kansa umarnin ke neman ƙarin makulli mai suna portMUX_TYPE. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure dukkan ma'aikata a ƙwaƙwalwa ɗaya da xTaskCreatePinnedToCore, a bar wa Wi-Fi ɗayar.

4. Agogo

Tunda an hana jira, yaya za a ce "a kunna famfo bayan minti 10"? Da saƙon lokaci. Ma'aikaci zai saita agogo ya koma bakin layinsa, idan lokaci ya cika saƙo ya iso kamar kowane saƙo. Ana haɗa agogon tsarin da bugun FreeRTOS ta vApplicationTickHook. A ESP-IDF, kayan aikin Espressif, bugun asali 100 ne a daƙiƙa, a Arduino na ESP32 kuwa 1000 ne. A lissafa lokaci daga configTICK_RATE_HZ, in ba haka ba minti 10 zai iya komawa minti 1.

5. Katsewar gaggawa

Idan na'urar gano ruwa ta motsa, allon zai katse abin da yake yi ya shiga wani ɗan gajeren shiri na gaggawa. A ciki ba a kiran umarnin FreeRTOS na yau da kullum, sai masu ƙarewa da FromISR, kamar xQueueSendFromISR. Shirin ya aika saƙo ga Famfo ya fita. Sauran aikin na ma'aikaci ne.

Darasi daga duniyar Mars

Me ya sa ake nanata cewa kada ma'aikata su raba kaya? A ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a Mars, yana aiki da wata RTOS mai suna VxWorks. Bayan kwanaki kaɗan kwamfutarsa ta fara sake kunna kanta. Wani ƙaramin aiki na auna yanayi ne ya riƙe makullin da babban aiki ke buƙata, ayyuka masu matsakaicin matsayi kuma suka hana ƙaramin samun damar sakin makullin. Babba ya zauna yana jiran ƙarami. Injiniyoyi sun gyara daga nan duniya, ta hanyar kunna tsarin da ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa.

Irin wannan na iya faruwa a Kabo idan Famfo da Sadarwa suka raba makulli ɗaya. Idan rabawar ta zama dole, a yi amfani da xSemaphoreCreateMutex, domin tana da wancan tsari na aron matsayi. Amma aika saƙo ya fi.

Gwaji kafin a kai gindin tanki

Kowane aiki yana da nasa wurin ajiya na wucin gadi, kuma idan ya cika na'ura za ta rikice. Umarnin uxTaskGetStackHighWaterMark yana nuna ragowar wurin. A ESP-IDF girman da bayit ake ƙirga shi, saɓanin FreeRTOS ta asali. Wanda bai sayi allo ba tukuna zai iya farawa da Wokwi, shafin da ke kwaikwayon ESP32 a cikin burauza.

Gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne. A sa fitila a madadin famfo, a kashe hotspot na waya daidai lokacin da na'urar ke aika rahoto, sannan a danna maɓallin "ruwa ya ƙare". Idan fitilar ta mutu nan take, ɗorawar ta yi. Idan ta yi jinkiri, akwai wurin da Famfo ke jira ba a bakin layinsa ba, sai a koma a nemo shi kafin a haɗa da famfon jama'a.