Kwamfutar zaure: yadda ake sa ido kan sabobin cikin gida

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen Kimiyyar Kwamfuta da masu shirin tafiya SIWES, ga tambayar da za ku iya cin karo da ita a ɗakin saba: ta yaya za ka san injin da ba ka iya kaiwa gare shi kai tsaye yana aiki?

Yawancin sabobin ma'aikata ba sa fuskantar intanet. Adireshinsu na cikin gida ne, irin 192.168.1.20 ko 10.0.0.5, ba a isa gare su daga waje. Sai a ware kwamfuta ɗaya mai fuska biyu, ɗaya tana kallon waje ɗaya tana kallon ciki, a buɗe mata ƙofa ta 22, wato ta SSH, ita kaɗai. Ni ina kiranta zaure, domin baƙo ba ya shiga gida sai ta nan. To, idan manhajar sa ido kamar Nagios ko Zabbix tana waje, hanya uku nake ba da shawara a kai.

Ta farko, tsallake ta zauren. Tun OpenSSH 7.3, wanda ya fito a 2016, umarni ɗaya ya wadatar:

ssh -J duba@zaure duba@10.0.0.5 uptime

Nagios na da check_by_ssh mai yin irin wannan aiki. Amma don Allah ku buɗe asusu na musamman, ku yi amfani da mabuɗi maimakon kalmar sirri, kuma kada ku ba shi ikon root.

Ta biyu, haƙa rami:

ssh -N -L 8080:10.0.0.5:80 duba@zaure

Yanzu duk abin da ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 8080 a injinka zai fito a ƙofa ta 80 ta sabar ciki. Manhajar autossh za ta sake haƙa ramin in ya rufta. Ku lura fa, ping ba ya bin wannan rami, domin shi ICMP yake amfani da shi, ramin kuwa TCP yake ɗauka.

Ta uku, ajiye wakili a cikin gida. Zabbix proxy yana zama a ciki, ya zagaya sabobin ya tattara bayanai, sannan shi da kansa ya kira babbar saba ta ƙofa ta 10051. Layi ya yanke? Sai ya adana abin da ya tara, ya aika idan hanya ta dawo. Inda intanet ke yawan wasa da mutane, wannan ta fi kwanciyar hankali.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A ce sabobi 30 ne bayan zauren, sai aka ɗauke wuta, batirin zauren ya ƙare. Allonka zai yi jajir, saƙonni 31 su shigo wayarka, alhali 30 ɗin nan lafiyarsu ƙalau. Wanda ya saba ganin ƙararrawar ƙarya kuwa, ranar da sabar rajistar ɗalibai ta mutu da gaske, juyawa zai yi ya ci gaba da barcinsa.

Maganin shi ne ka fara sa ido kan zauren kansa, sannan ka sanar da manhajar wa ya dogara da wa. A Nagios, layin parents ne ke yin wannan a bayanin kowace saba. Daga nan zauren zai nuna DOWN, na bayansa su nuna UNREACHABLE, ma'ana "ban iya isa ba", ba "ya mutu" ba. Cire harafin u daga notification_options ɗinsu, saƙo ɗaya tak zai zo maka. Zabbix ma yana bari a rataya wata ƙararrawa a kan wata.

Kada ku tsaya a karatu. Ku buɗe injuna uku a VirtualBox: mai sa ido, zaure, da sabar ciki. Ku haɗa su, ku kashe na tsakiya, ku ƙirga saƙonnin da suka shigo. In sun wuce ɗaya, da sauran gyara.